Estanal ɗina ya faɗi da bikin mutane a ciki, na kasa gaya musu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto da bidiyon biki ne a Kano. Watan jiya na ɗauki wani biki tun daga kamu har kai amarya, na juye komai a estanal ɗina, wato rumbun ajiyar bayanai da ake jonawa da kwamfuta ta waya, mai terabait 2, na goge memorin kamara saboda wani aiki da ke gabana. Ina cikin tace bidiyon ƙanina ya ja wayar da ƙafa, estanal ɗin ya faɗo daga tebur yana kunne. Tun ranar, in na jona shi sai ya riƙa ƙara, ƙyas, ƙyas. Wani lokaci kwamfuta ta gan shi ta ce a yi masa fomat, wani lokaci ba ta ganinsa sam. Abokina ya sa masa manhajar dawo da fayil ta kwana tana aiki ba ta gama ba. Wani ya ce in sa shi a firiza, wani mai gyara kuma ya ce in kawo ya buɗe ya daidaita allurar. Abin da ya fi damuna, mahaifin amarya ya rasu mako biyu bayan bikin, kuma nasihar da ya yi mata daren da za a kai ta tana cikin bidiyon. Mahaifiyarta tana ta kirana, ni kuma ina cewa ana kan aiki. An biya ni fiye da rabin kuɗin, na riga na kashe. Barci ya gagare ni. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba iyalinsa haƙuri. Kai kuma ƙanina, Allah ya kawo maka mafita.

In estanal ɗin yana jone yanzu da kake karanta wannan, cire shi. Naɗe shi a tsumma mai tsabta, ka sa a durowa ka kulle. Kada kai ko abokinka ku sake ba shi wuta ko na minti ɗaya, wai don a gani ko ya dawo. Ba zai dawo da kansa ba. Zan gaya maka dalili, don na san in ban faɗa ba, cikin dare zuciya za ta ce ka ƙara gwadawa sau ɗaya.

A cikin ɗan akwatin nan akwai farantai biyu ko fiye, masu santsi, an shafe fuskokinsu da siririn sinadarin maganaɗisu. A jikin wannan shafen bikin mutanen yake. Farantan irin wannan ƙaramin rumbu suna juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 kowace daƙiƙa. Kowace fuska tana da allurarta mai karatu da rubutu, amma allurar ba ta taɓa farantin. Iskar da juyawar ke tayarwa ce take ɗauke da ita, a tazarar da ba ta kai nanomita 10 ba, silin gashin kanka ya ninka ta sau dubbai. Rumbun da yake kashe, allurorinsa suna fake a gefe, shi ya sa yakan faɗi ya tashi lafiya. Naka ya faɗi yana tsakiyar aiki, allurorin suna kan farantai.

Ƙarar da kake ji, hannun da ke riƙe da allurorin ne yake fita neman alamomin da zai gane inda yake, ya rasa, ya koma mazauninsa da ƙarfi, ya sake fitowa. Bayan faɗuwa, galibi wannan na nufin wata allura ta lanƙwashe ko ta mutu. Allurar da ta lanƙwashe kuwa gogar faranti take yi. Minti goma a jone, juyi 54,000 ke nan. Abin da ta kankare ya zama ƙura, ƙurar ta bi iska ta shiga ƙarƙashin sauran allurorin masu lafiya ta kashe su. Duk duniya babu injiniyan da zai karanta bidiyo daga ƙura.

Abokinka da kyakkyawar niyya ya yi, amma daren da manhajar ta kwana tana aiki zai iya fin faɗuwar ɓarna. Manhajoji irin su Recuva da makamantansu suna da amfani a wurinsu: rumbu lafiyarsa ƙalau, yana juyawa shiru, kawai an goge fayil bisa kuskure, ko an yi fomat, ko an fizge waya ana cikin rubutu lissafin fayiloli ya rikice. Wannan ciwon lissafi ne, manhaja tana maganinsa. Naka ciwon ƙarfe ne. Manhaja za ta tilasta wa allurar da ta ji rauni ta bi kowane lungu na farantin, in ta kasa karanta wuri ta sake komawa, ta sake komawa. Saƙon da ke cewa ka yi fomat ma bai nuna bayanan sun tafi ba, kwamfuta ce ta kasa karanta wurin da aka rubuta jerin fayilolin. Kada ka amsa mata. Kada kuma wani ya zo da shawarar chkdsk, domin wannan umarni rubutu yake yi a kan rumbu, yana yanke abin da bai gane ba don ya daidaita lissafi.

Maganar firiza tsohuwar dabara ce ta wasu rumbunan da, kuma ko a lokacin caca ce. Ka fito da ƙarfe mai sanyi cikin zafin Kano, raɓa za ta kwanta masa ciki da waje, sai ka kunna allura ta bi ta kan ruwa.

Mai gyaran da ya ce zai buɗe ya daidaita allura, ka gode masa ka wuce. Ba raina sana'arsa nake ba. Masu gyaranmu suna yin abin mamaki a kan waya da laftof, suna ɗaga ɗan ƙaramin ɓangare daga fanel, wato allon lantarkin na'ura, su mayar da wanda ido ma da ƙyar yake gani. Amma wannan aikin daban ne. Ba a miƙe allurar da ta lanƙwashe. Ana cire hannun gaba ɗaya ne a sa wani daga rumbu mai lafiya irinsa sak, a ƙarƙashin iskar da aka tace, da kayan da ke hana allurorin haɗuwa da juna. Teburin shago a bakin titi, ga fanka, ga hazo, murfin na buɗewa ƙura ta sauka. Wasu kuma za su ce a canja fanel ɗin da ke bayansa. Faɗuwa ba fanel take kashewa ba, kuma fanel ɗin rumbunan zamani yana ɗauke da bayanan daidaitawa na wannan rumbu shi kaɗai, sai an ɗauke su an mayar kan sabon. Garin neman gira a rasa ido.

To, bar rumbun ya huta. Akwai wuraren da ban ji ka ambata ba, kuma ni da su zan fara.

Memorin kamara. Ka ce ka goge su, amma fomat ɗin da kamara take yi, a mafi yawan lokuta, jerin sunaye kawai yake sharewa. Kamar mai gida ne ya kankare sunan ɗan haya daga ƙofa ya ce ɗaki babu kowa, alhali kayan suna ciki har ranar da wani ya tare. Duk memorin da ba ka sake ɗaukar komai a kansa ba, akwai kyakkyawan fata bikin yana nan. Wanda ka yi wani aiki da shi ma kada ka yanke ƙauna: in sabon aikin bai kai tsohon yawa ba, abin da bai hau kansa ba yana iya tsira, kuma da yake kai amarya a ƙarshen biki yake, mai yiwuwa can ƙarshen memori ya faɗa, inda sabon aiki bai kai ba. Ka tattara su yau, ka tura ɗan makullin da ke gefen kowanne zuwa ƙasa don kada a rubuta komai, kada ka sake sa su a kamara. In akwai aiki gobe, ara ko saya wani.

Da na'urar karanta memori za a jona su a kwamfuta, a fara ɗaukar kwafin memorin gaba ɗaya zuwa fayil guda, sannan a yi bincike a kan kwafin. PhotoRec, wadda Bafaranshen nan Christophe Grenier ya rubuta tare da TestDisk, kyauta ce, kuma ba ta kula da jerin sunaye, tana bin memori ne tana gane fayil daga alamar farkonsa. Duk abin da ta samo a ajiye shi a wani wuri daban, ba a kan memorin ba. Hotuna sukan dawo da kyau. Bidiyo ya fi wuya, domin kamara takan rubuta shi gutsure-gutsure, sai fayil ya fito da girmansa amma ya ƙi buɗewa. In ka ga haka kada ka share shi, akwai manhajoji na kuɗi da ƙwararrun da ke haɗa irin waɗannan. Abin da zai kashe wannan hanya shi ne in ka zaɓi fomat mai zurfi, ko kamararka tana cikin waɗanda ke share memori da gaske. Gwaji ne zai nuna, kuma gwaji a kan memori mai kulle ba ya ɓata komai.

Sai laftof ɗin da kake tace aiki da ita. In da Adobe Premiere kake aiki, yawancin bidiyon da ka shigar takan ciro sautinsa ta ajiye a foldar Media Cache, wadda a bisa al'ada tana kan kwamfutar kanta, ba kan estanal ba. Ma'ana, ko hoton ya tafi, muryar Alhaji tana iya kasancewa a laftof ɗinka yanzu haka. Kada ka bari wata manhajar share shara ta taɓa ta, ka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri. Duba kuma ko ka taɓa fitar da ɗan guntu don gwaji, ko ka tura wa ango ko ƙawar amarya wani yanki ta WhatsApp, ko yaron da ya taya ka ɗauka ya juye wani abu a tasa kwamfutar.

Wuri na ƙarshe shi ne ya kawo mu ga Hajiya, mahaifiyar amarya: wayoyin mutane. Babu bikin da ake yi yanzu ba wayoyi a sama. Lokacin da uba yake wa 'yarsa nasiha, da wuya a ce babu ƙanwa, ko ƙawa, ko gwaggo da ta ɗaga waya. Amma waɗannan mutane sun san an ɗauki mai bidiyo an biya shi, don haka ba su ɗauki nasu da muhimmanci ba. Waya ta cika, a share. Waya ta faɗa ruwa, a sayar, a sace. Kowace rana da ka ce "ana kan aiki", wata tana iya goge abin da watakila shi kaɗai ya rage. Kai ba ka da hanyar kiran matan gidan ɗaya bayan ɗaya. Hajiya da amarya ne za su iya, cikin yini guda, kuma ba za su yi ba sai sun san akwai dalili. Shirun da kake yi don ka sami lokaci, lokacin nasu yake ci.

Na fahimci abin da ya hana ka. Kana fatan ka gyara komai a ɓoye ka kai musu aiki kamar ba abin da ya faru. Kana tsoron sunanka a gari, sana'ar biki kuwa da bakin mata take tafiya. Amma duba yadda abin zai kasance in ka ci gaba. Aikin ƙwararru yakan ɗauki makonni, musamman in sai an nemo rumbu irinsa. Za ka ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma ranar da gaskiya ta fito, ba faɗuwar estanal za a riƙa ba da labari ba. Kowa ya san tsautsayi. Abin da za a faɗa shi ne ka yi wa matar da ke takaba wasa da hankali wata da watanni. Wannan shi ke kashe sana'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada ka faɗa ta waya, kada ka rubuta saƙo. Hajiya tana takaba, tana gida, zuciyarta ɗanya ce. Fara samun namiji babba a gidan, yayan amarya ko ƙanin marigayi, ko angon in shi ya ɗauke ka aiki. Ka tafi da wani babba naka, mahaifinka ko maigidan da ya koya maka sana'a. In za a shiga wurin Hajiya, mahaifiyarka ko yayarka ta raka ka. Ku yi gaisuwar rasuwa tukuna. Sannan ka faɗi magana a miƙe: na'urar da aikin yake ciki ta faɗi ta lalace, kwafi ɗaya na ajiye kuma wannan sakacina ne, na ji tsoron faɗa shi ya sa na yi ta cewa ana kan aiki, ina neman gafara. Kada ka ambaci ƙaninka. Yaro ya ja waya, amma ba shi ya goge memori kafin a yi kwafi na biyu ba. Ka gaya musu abin da kake yi a kai, ka roƙe su a sanar da duk wadda ta ɗauki wani abu da waya kada ta goge, ta turo shi a matsayin fayil don kada WhatsApp ya rage masa kyau. Kuma kada ka yi alkawarin cewa zai dawo. Ka ce akwai fata, babu tabbas, za ka riƙa sanar da su duk mako ko da babu sabon labari. Sai ka cika wannan.

Mai yiwuwa a yi maka faɗa, mai yiwuwa Hajiya ta yi kuka, wanda ya fi faɗan zafi. Ka zauna ka ɗauka, kada ka kare kanka.

Batun kuɗi, kai za ka fara tayar da shi, kada ka jira su. An biya ka don ka kawo aiki, aiki bai zo ba. Kuɗin ceto rumbun a wuyanka yake, kuma in abin bai dawo ba, ka ce za ka mayar da abin da ka karɓa, ko da kaɗan-kaɗan ne, a sa rana. Malaman Malikiyya sun daɗe da tsananta wa masu sana'a a kan abin mutane da ya salwanta a hannunsu, don kada amana ta zama abin wasa, sai ka zauna da malamin unguwarku ya duba maka naka yanayin. In iyalin da kansu suka ce za su taimaka da kuɗin ceto saboda darajar abin a wurinsu, wannan alherinsu ne, amma kada ya fito daga bakinka.

Yanzu wa za a ba rumbun? Masu kayan wannan aiki na gaske ba su da yawa a ƙasar nan, an fi samunsu a Legas da Abuja, kuma allon da aka rubuta "muna dawo da bayanai" ba hujja ba ce, da yawa manhajar da abokinka ya sa ita suke sawa. Ka yi tambaya kafin ka miƙa. A ina kuke buɗe rumbu, zan iya ganin wurin ko hotonsa? Kuna canja allurori da kanku ko turawa kuke yi wani wuri? Da wace na'ura kuke ɗaukar kwafi? Wanda ya san aikin zai ambaci irin su PC-3000, na'urar kamfanin ACE Lab da ke iya kashe allura ɗaya ta karanta da sauran, ta tsallake wurin da ya lalace ta dawo masa daga baya. Wanda ya ce bari ya jona a laftof ɗinsa ya ji ƙarar, karɓi kayanka. Ka tambayi kuɗin dubawa, da abin da za ka biya in ba a samu komai ba, da wanda zai sayi rumbun da za a ciri allurorinsa, a rubuta. Ka nemi a nuna maka jerin abin da aka ceto, ka buɗe wasu bidiyon ka ja su har tsakiya da ƙarshe kafin ka cika kuɗi. Ka shirya ranka, kuɗin yakan ninka na sabon rumbu.

Shi ma injiniyan kada ka ɓoye masa komai: ya faɗi yana kunne, an yi ta jona shi, ya kwana a kunne yana ƙara. Wannan ne zai sa ya duba farantan kafin ya ba shi wuta. Sannan ka gaya masa abin da ya fi komai. Allurorin da aka ara daga wani rumbu ba su daɗewa a kan farantin da ya ji rauni, wani lokaci awoyi kaɗan suke yi su mutu. In ya san sunan folda, da ranar, da kimanin lokacin da aka ɗauki nasihar, zai iya fara kai hannu can kafin sauran terabait ɗin. In ba ka faɗa ba, zai iya ƙarar da ƙarfin allurorin a kan tsofaffin bukukuwan da ka riga ka ba masu su.

Akwai kuma abin da masu sana'arku ke mantawa. Bidiyon kamu da na cikin gida mata ne a sake, cikin kwalliya, a wurin da suka yarda da kai kaɗai. Duk wanda ya ceto rumbun zai iya ganin komai, da na wannan biki da na wasu. Mun sha ganin yadda hoto ɗaya da ya fita daga wurin gyara ya tayar da ƙura a gidan aure. Ka zaɓi wuri mai ofis da suna da za a iya kama shi, a rubuta cewa za su share kwafinsu bayan ka karɓa, su kuma dawo maka da tsohon rumbun. Wajen kai shi, a naɗe shi da soso ta kowane gefe cikin kwali, kuma in da hali ka kai da hannunka ko ta hannun wanda ka yarda da shi, maimakon saƙon tasha da za a jefa a but.

Zai dawo? Ya danganta da halin da fuskokin farantan suke. Lokacin da kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a 2003, an tsinci wani rumbun Seagate a cikin tarkacen, ya ƙone ya narke ta waje, amma kamfanin Kroll Ontrack ya ceto kusan kashi 99 cikin 100 na bayanan da ke ciki, domin ɓangaren farantan da aka yi rubutu a kai bai lalace ba. In naka allura ce kawai ta mutu, fata yana da ƙarfi. In fuska ɗaya ta karce, hotuna da yawa za su tsira saboda ƙanana ne, amma dogon bidiyo a warwatse yake a kan fuskoki daban-daban, sai ya fito da giɓi a ciki. Ko hakan ma kada ka raina. Minti uku na fuskar Alhaji, a haɗa da sautin da ke laftof da abin da aka samu a wayoyi, edita mai haƙuri zai fitar da abin da iyalin za su riƙe.

Game da gaba, ba zan tsawaita ba, don darasin ya riga ya shige ka. Memori ba a goge shi sai aikin yana wuri biyu daban, kuma ka buɗe ka gani da idonka a duka biyun. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da ake kira 3-2-1: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban. A wurinka wannan yana nufin ɗaya a shago, ɗaya a gida, domin gobarar kasuwa ko ɓarawo ba sa tambayar wanne ne kwafin. Intanet ba zai ɗauke maka ɗanyen bidiyo ba, gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta biki ɗaya ma ya fi ƙarfinsa, amma ya isa ga zaɓaɓɓun hotuna da gajerun wurare masu tsada irin wannan nasiha. In kamararka tana cin memori biyu, sa ta ta riƙa rubutawa a duka lokaci guda.

Aikin yau da kullum ka koma yinsa a kan irin ma'ajiyar da ake kira SSD, ba ta da faranti ba ta da allura, faɗuwa daga tebur ba ta cika yi mata komai ba. Sai dai ita ma tana mutuwa, sau da yawa ba gargaɗi, abin da aka goge a cikinta da wuya ya dawo, kuma ba a ajiye ta shekaru a durowa ba wuta, balle a zafi. Ajiya mai tsawo a bar wa mai faranti, a shimfiɗe, nesa da gefen tebur, da gajeriyar waya, ba a ɗaga shi yana juyawa, ba a barinsa a mota cikin rana, ba a fizge shi sai an sallame shi daga kwamfuta. Wanda ke aiki da babbar kwamfuta ta tebur, da yadda wutarmu take, UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ba ado ba ne.

Ka sa manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka riƙa duba rumbunanka duk wata. In ta nuna ruwan ɗorawa, ko ta fara ƙirga guraben da suka lalace, kwashe kayanka ranar. Ranar da ka sayi sabo ma ka duba da ita awoyin da ya yi yana aiki, domin akwai tsofaffin rumbuna da ake sa wa sabon gida a sayar. Amma kada shuɗin "lafiya" ya sa ka saki jiki. A binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan rumbuna sama da 100,000, fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a irin wannan gwaji ba kafin su tafi.

Duk wannan kuɗi ne, na sani. Ka sa shi cikin farashin aiki, kamar yadda kake sa kuɗin mota da na yaran da ke riƙe maka fitila. In ka miƙa wa masu biki aikinsu, ka gaya musu wata nawa za ka riƙe naka kwafin kafin ka share, ka rubuta a takardar yarjejeniya, ka ce su ma su juye nasu a wuri na biyu tun a makon.